Etymonline: shafin bin salsalar kalmomin Turanci, da yadda ya yi da kalmar "sugar"

Etymonline shafin intanet ne da wani Ba'amurke, Douglas Harper, ya buɗe a 2001, aikinsa kuwa bin asalin kalmomin Turanci. Kyauta ne, sai dai a yi haƙuri da tallace-tallace, kuma akwai manhajarsa ta waya.

Kalmar "sugar" ta isa a auna shi. Kana rubuta ta zai nuna maka cewa ta shiga rubutun Turanci a ƙarshen ƙarni na 13 daga tsohon Faransanci "sucre". Daga nan ya bi ta baya-baya: Latin na tsakiyar zamani "succarum", Larabci "sukkar", Farisanci "shakar", har ya dangana da Sanskirit na Indiya, "sharkara", wadda asalin ma'anarta tsakuwa ce ko ɓarɓashi. Duk wanda ya taɓa murza sukari a tsakanin yatsu ya san dalilin sunan. Bahaushe kuma zai ga abin da shafin bai faɗa ba: "sukari" namu daga Larabcin nan ya zo, "suga" ta ciwon suga kuwa ta biyo ta bakin Bature. Kalma ɗaya ce ta shigo mana ta ƙofa biyu.

Inda ake tuntuɓe shi ne gajerun alamominsa. "13c." na nufin ƙarni na 13, wato daga 1201 zuwa 1300, amma da yawa sukan ɗauka shekarun 1300 ne, su yi kuskuren shekara ɗari cur. Idan "c." ta zo kafin shekara, kamar "c. 1400", ma'anarta wajajen shekarar. Tauraro (*) kafin kalma alama ce cewa masana ne suka ƙaddara sigarta, ba a same ta a rubuce ba. Shekarun ma na rubutu mafi daɗewa ne da aka gano, kalmar kan riga su a bakin mutane.

Rauninsa a fili yake wajen amfani na yau. Ba zai koya maka cewa a shagon shayi a Ingila ana cewa "two sugars" ana nufin cokali biyu ba, kuma babu jimlolin gwaji irin na ƙamus ɗin ɗalibai. Turancinsa ma yana da nauyi ga ɗan sakandare. Malamin Turanci da mai fassara su ne za su fi cin moriyarsa, musamman idan sun ajiye ƙamus na yau da kullum a gefe don duba ma'ana da furuci.