Na ɗauki ɗan jagora na kwana biyu a Isfahan, ga yadda ta kaya

Ni da mai ɗakina mun shiga Isfahan ne a motar bas daga Tehran, tafiyar kusan awa shida. Kwana uku kacal gare mu a garin, don haka na roƙi masaukinmu su haɗa mu da ɗan jagora mai lasisi. Sharaɗina guda ne, ya iya Larabci, domin da shi na fi sakewa. Suka kawo mana wani magidanci haifaffen garin. Tun wurin ciniki ya fara yi mini amfani: ya rubuta kuɗinsa a takarda, ya nuna mini cewa a takardar kuɗi riyal ake rubutawa, amma a baki toman ake faɗa, kuma toman ɗaya riyal goma ne. Ya kuma tabbatar mun riƙo tsabar kuɗi, saboda takunkumi ya sa katin Visa da Mastercard ba sa aiki a ƙasar Iran.

Da safe na ce a fara da babban dandalin nan na Naƙshe Jahan, tunda hotonsa ne ya kawo mu. Ya ƙi. Ya ce, “Haji, in ka fara da shuɗin tayil, idonka ba zai ƙara ganin bulo ba.” Raina bai so ba, amma na bi shi, kuma wannan shawarar kaɗai ta biya kuɗin da na ba shi.

Tsohon Masallacin Juma'a ya kai mu. Da ni kaɗai na je, da na leƙa tsakar masallacin na ɗauki hoto na fita, domin abubuwan da suka fi daraja suna can ciki, bayan dogayen layukan ginshiƙai masu duhu. Ya tsayar da mu ƙarƙashin ƙubbar Nizamul Mulk, wazirin Sarki Malik Shah na daular Saljuƙawa, sannan ya ratsa da mu zuwa arewa, ga ƙaramar ƙubbar da abokin hamayyarsa Tajul Mulk ya gina a 1088. Babu fenti, babu zinariya, bulo ne tsurarsa. Amma da ya sa na bi layin ginin da ido tun daga ƙasa, yadda kusurwa huɗu ta zama takwas, takwas ta zama goma sha shida, har ta dunƙule ta zama da'ira, sai na ji tsigar jikina ta tashi. Shekara fiye da 900 ke nan tana tsaye, kuma gobarar 1121 da ta cinye wani ɓangare na masallacin ba ta kayar da ita ba. Daga nan ya shigar da mu ɗakin mihrabin Sarki Uljaitu na 1310, inda aka sassaƙa rubutu da furanni a jikin farar ƙasa, sirara kamar aikin allura a wuyan babbar riga. Mun kwashe kusan awa biyu a masallacin nan, bai ko duba agogo ba.

Daga ƙofar masallacin muka shiga rufaffiyar kasuwa, tafiyar wajen kilomita biyu a ƙasa. Mai ɗakina ta tsaya wurin masu buga zane a jikin yadi da hatimin katako, wanda suke kira ƙalamkar, ta ga yadda ake dukan hatimin da hannu, kowane launi da nasa bugun. Sai ga mu mun ɓullo ta ƙofar Ƙaisariyya, dandalin ya buɗe a gabanmu gaba ɗaya. A nan na gane dabararsa: ya fito da mu daga zamanin Saljuƙawa zuwa zamanin Shah Abbas, wanda ya ɗauke fadar daular Safawiyya daga Ƙazwin zuwa Isfahan a 1598. Tsawon dandalin ya kai mita 560, faɗinsa 160, kuma har yau ga turakun dutse na wasan ƙwallon dawaki a bakinsa. Wanda ya tsaya a wurin ba zai yi wa mutanen garin gardama ba in suka ce Isfahan rabin duniya ce.

A Masallacin Shaikh Lutfullah ya bayyana dalilin da ya sa babu hasumiya babu tsakar gida: na iyalin sarki ne, ba a kiran jama'a salla a cikinsa. A babban Masallacin Imam, wanda aka aza harsashinsa a 1611, ya nuna mana yadda magina suka karkatar da ginin daga layin dandalin don ya fuskanci alƙibla, ba tare da mai shiga ya lura ya juya ba. Ya tsaya kan baƙin dutsen da ke ƙarƙashin ƙubba ya yi kabbara a hankali, muryar ta yi ta dawowa. Fadar Ali Ƙapu kuwa, a gargaɗi masu ciwon gwiwa, matakalarta matsattsiya ce mai tsayi, kuma bai faɗa mana ba sai da muka kai rabi.

Rana ta biyu ce ta rage masa maki a wurina. Bayan mun fito daga Cehel Sutun, fadar da ginshiƙanta ashirin ke zama arba'in idan aka haɗa da inuwarsu a cikin ruwa, sai ya ce mu sha shayi wurin wani amininsa. Ashe kantin dardumai ne. Aka yi ta shimfiɗa mana kaya har awa guda da rabi, alhali na faɗa tun farko ba saye na zo yi ba. Ba a matsa mana da baki ba, amma wanda ya sha shayin mutum sau uku ya san nauyin tashi hannu rabbana. Lokacin da ya tafi nan shi ya sa muka ratsa Cocin Vank na Armeniyawan unguwar Julfa a gurguje, su da Shah Abbas ya kwaso kakanninsu a farkon ƙarni na 17. Wannan ya ɓata mini rai ƙwarai.

Sai batun salla. Mutanen can sukan haɗa Azahar da La'asar, don haka bai sa tsayuwar La'asar a tsarinsa ba. Da na yi magana ya samar mana wuri nan take, ba wanda ya dube mu don ba mu ɗauki ɗan curin yumɓun da suke sujada a kai ba. Duk da haka, wanda zai ɗauke shi ya faɗi lokutansa tun da safe.

Abinci kam ya kyauta. Ya kai mu wurin biryanin Isfahan, ya kuma gargaɗe mu cewa babu ƙwayar shinkafa a ciki: niƙaƙƙen naman rago ne a kan gurasa, mai maiƙo sosai, na rana ne ba na dare ba. Alewar gaz ma shi ya nuna mana yadda ake duba yawan fistak, wato wata ƙwayar ɗan itace mai kama da gyaɗa, a jikin kwali kafin a saya.

Zan sake ɗaukarsa, amma na yini ɗaya, daga Masallacin Juma'a zuwa dandali, kuma zan ce masa ba kantin kowa. Gadoji ba sa bukatar jagora. Da muka je Si-o-se Pol mai baka 33, kogin Zayande a bushe yake ƙarƙaf, mutane na tafiya a kan busasshiyar laka, abin da shi bai ambata mana ba. Daren ƙarshe mu biyu muka taka zuwa gadar Khaju. A ƙarƙashin bakunanta wani dattijo ya jingina da bango yana rera waƙa, maza suna amsa masa, wata mata ta matsa ta ba mai ɗakina wuri a kan shimfiɗarta, muka zauna har sanyi ya tashe mu.