Ɗan mashin ɗin cek-injin na waya: ya biya kuɗinsa, amma kada a bar shi ya kwana a mota

Wannan ɗan shuɗin mashin da ake soka wa mota a ƙarƙashin sitiyari a haɗa shi da waya ta bulutut, mai rubutun ELM327 a jiki, shi nake nufi. Duk mai shiga Suame Magazine, unguwar makanikai ta Kumasi a Ghana, ya gan shi a shagunan kayan wutar mota, kuɗinsa kuma kowa ya sani. Motar da na gwada shi a kai homyus ce (wadda aka yi amfani da ita a waje kafin a shigo da ita) ta 2006, silinda huɗu, injin 1.8, daga Amurka ta shigo ta tashar jiragen ruwa ta Tema. Wutar cek-injin ɗinta ta daɗe a kunne har ido ya daina ganinta.

Lambar da take bayarwa kullum P0171 ce, wato iska ta rinjayi mai a abin da injin ke ƙonawa. A garejin da ake kai ta, da masta, wato babban makanike, ya ga lambar sai ya ce oksijin sensa ce. An canza sensa, an wanke injekta, an sa sababbin fulogi, kowane zuwa a goge wutar a fito da dashbod fes, kafin mako ya zagayo ta dawo. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Kwamfutar mota ba ta kunna wuta kan irin wannan lamba sai ta ga matsalar a tafiya biyu a jere, don haka ranar da aka goge dole a ga kamar an yi gyara. Ita kuwa sensar da aka cire ba ta da laifin komai, rahoto kawai ta kai.

Abin da ya ba ni mamaki da mashin ɗin ba karanta lamba ba ne, wannan ko wane mashin yana yi. Abin da ke nunawa yayin da injin ke aiki shi ne dukiyar. A manhajar Torque ko Car Scanner, a fito da abu huɗu a fuskar waya: zafin ruwa, STFT, LTFT, da MAF, wato sensar da ke auna iskar da ke shiga inji. STFT da LTFT su ne yawan man da kwamfuta ke ƙarawa ko ragewa a kan lissafinta na asali, na farko na nan take, na biyu wanda ta koya ta riƙe. Lafiyayyen inji yana yawo tsakanin -5 da +5 cikin ɗari, ko ya kai 10 ba a tayar da hankali. Wannan motar, injin ya yi zafi, an kashe esi, tana silo, LTFT ya tsaya a +21. Da aka taka totur aka riƙe a 2500, sai ya sauko wajen +5.

Wannan saukowar ita ce amsar da aka yi ta kashe kuɗi ana nema. A silo bakin totur a rufe yake, injin yana zuƙa da ƙarfi, duk wata 'yar tsaga da ke bayan totur sai ta shigo da iskar da MAF bai auna ba. Da an buɗe totur, iskar da ke bin hanya ta yi yawa, ta ɓarauniyar hanya ta zama ba komai ba. Da LTFT hawa yake yi idan an ba da wuta, da sai a koma kan MAF da ƙurar hunturu ta lulluɓe, ko famfon mai da ya gaji, ko filtar mai da ta toshe. MAF ɗin ma ya ba da shaida: injin wannan girman a silo ya kamata ya nuna gram 2 zuwa 3 a daƙiƙa, shi 1.5 yake nunawa.

Neman tsagar bai ɗauki lokaci ba. Ana fesa maganin wanke kabireta kaɗan-kaɗan a bakin manifol, a kan tiyon PCV (mai mayar da hucin cikin inji zuwa manifol), a kan tiyon da ke tafiya tukunyar burki, ido yana kan STFT. Inda feshin ya shige ciki, lambar za ta faɗi ƙasa da sifili nan take, muryar injin ma ta canza. A yi hattara dai, feshin nan yana kama wuta, kada a nufi wajen salansa ko koyil. Tiyon PCV ne ya tsage ta ƙasa, daidai lanƙwasa, wurin da ido ba ya kaiwa sai an juya shi da hannu. Robar ta bushe ƙamas, da aka matsa ta sai bakin tsagar ya buɗe. Guntun tiyo da kilif biyu, shi ke nan. LTFT ya dinga sauka da kansa har ya zauna a +3.

Zafin ruwa kuma ya tona wani asirin. A kan titin Ejisu, mota na gudu, digiri 66 zuwa 70 yake nunawa. Babu tamostat, abin da ke tare ruwa har sai inji ya yi zafi, fanka kuma an haɗa ta kai tsaye, da an murɗa makulli take tashi. Wannan al'adar ta yi katutu a garejinmu, wai ƙasarmu da zafi, tamostat na ƙasar sanyi ne. Ba haka ba ne. An ƙera injin ne ya yi aiki tsakanin 85 da 95, idan bai kai nan ba sai shan mai ya ƙaru, baƙin hayaƙi ya taru a fulogi, baƙin mai ya yi saurin lalacewa. Allurar dashbod ba ta nuna wannan bambancin da kyau, sai mashin. An mayar da tamostat mai buɗewa a 82, an mayar da fanka kan rile ɗinta, an wanke lagireto.

Da a nan na tsaya na rubuta, da taurari biyar zan ba shi ba tare da tunani ba.

Sai wutar ta dawo. Wannan karon P0420, katalis, wato tukunyar tace hayaƙi da ke jikin salansa, ba ya aiki yadda ya kamata. Mai mota zai rantse gyaran ne ya ɓata wani abu, alhali matsalar tana nan tun tuni. Kwamfuta ba ta gwada katalis idan injin bai yi zafin da take so ba, ko idan akwai lamba irin P0171 a kunne. Da aka gyara waɗancan biyun sai ta sami damar yin gwajin, ta kuwa faɗi gaskiya. An gudu ba a tsira ba ke nan.

A nan mashin ɗin ya fara nuna iyakarsa. Zai nuna sensar baya, wadda ke bayan katalis. Idan katalis na da lafiya, a gudu madaidaici takan zauna wajen 0.6 zuwa 0.7 na bolt ba ta yawan motsi. Ta wannan motar tsalle take yi daga 0.1 zuwa 0.8 ba hutawa. To amma mashin yana da nawa, idan aka ɗora masa abu da yawa a fuska sai ya dinga tsallake karatu, zanen ya fito a karye, mutum ya kasa tantance saurin sensar. Sai an rage zuwa abu ɗaya ko biyu. Sensar gaba kuma, a motocin Japan da yawa ba irin mai tsalle ba ce, mai auna iska da mai ce, a Toyota takan zauna wajen bolt 3.3, wasu manhajojin sai su nuna ta 0.66 cak. Wanda bai sani ba zai ce ta mutu ya je ya sayi wata. Kuma duk da wannan, mashin ba zai ce ko salansa ce ke yoyo kusa da sensa ba, ko sensar ce ta tsufa, ko katalis ɗin ne ya ƙare. Dole a shiga ƙarƙashin mota. A toshe bakin salansa da tsumma na ɗan lokaci a saurari inda iska ke huci, sannan a kwance a leƙa.

Da aka sauke salansar, ga layin walda a saman tukunyar, gefen da ke kallon cikin mota, wanda mai leƙe daga ƙasa ba zai taɓa gani ba. An yanke, an kwashe saƙar zumar da ke ciki, an mayar an like. Fanko ce. Saƙar nan tana ɗauke da filatinam da faladiyam da rodiyam, shi ya sa take da masu saye, shi ya sa kuma duk wanda zai bar motarsa ta kwana wajen mai salansa ya kamata ya san abin da ya bari.

Za a kawo wa mutum shawara iri-iri. Akwai katalis homyus, wanda idan za a saya a ɗaga shi ga hasken rana a leƙa, ramukan su zama a buɗe, babu narkewa, babu karyewa, a girgiza kada a ji ƙara. Akwai sabon gama-gari mai araha, wanda sau da yawa sinadarin cikinsa bai taka kara ya karya ba, wutar takan dawo bayan wata 'yan kaɗan. Akwai ɗan ƙarfen da ake ɗaura wa sensar baya a janye ta daga bakin hayaƙi. Wannan kwamfuta kawai yake yaudara, warin da ke shiga hancin na baya a cunkoson Kejetia ko Sofoline yana nan. Mafi muni shi ne cire ƙwan fitilar cek-injin ko manna mata baƙin tef. Wutar nan ba magana ɗaya take yi ba: idan ta tsaya cak, a duba cikin natsuwa, idan kuwa tana ƙiftawa, wata silinda ce ba ta ƙona mai, ɗanyen fetur yana zuba cikin salansa, shi ne ke narkar da katalis. Lambobin P0300 zuwa P0304 ke nan, kuma a garin nan wasunsu daga wajen wankin mota suke farawa, inda ake harba ruwa kan inji ya taru a ramin fulogi. A ƙarshen 2023 ma an yi ta kuka kan manganis a fetur har NPA, hukumar kula da man fetur ta Ghana, ta yi magana, masu mota suna ciro fulogi da ja-ja-ja a baki. Katalis homyus ɗin aka sa wa wannan motar, sensar baya ta natsu, wutar ta mutu da kanta, don kwamfuta na kashe ta idan ta ga tafiya uku a jere babu matsala.

Yanzu ga ƙorafina na gaske. Soket ɗin nan mai baki 16, baki na 16 wutar batir ce kai tsaye, ko an zare makulli tana nan. Mashin ɗin ba ya barci. Mota ta yi 'yan kwanaki a ajiye da shi a jiki, batirin kuma dama ba yaro ba ne, da safe sai ƙas-ƙas-ƙas, sai turi. Babu takarda a kwalin da ta yi wannan gargaɗin, babu ma takardar kwata-kwata. Lambar haɗa bulutut sai an yi canke, 1234 ko 0000. Ba ya haɗuwa da iPhone, sai an nemi mai wayfay ko mai sabon bulutut. Wutar ABS ta burki da ta jakar iska galibi ba ruwansa da su. Duk kwaikwayo ne, kowa ya sani, amma a cikin kwaikwayon ma akwai gwani: masu rubutun v2.1 sukan ƙi magana da motocin da suka girmi 2008, masu v1.5 sun fi jin yarensu, sai dai rubutun kwali ba abin dogara ba ne. A gwada a motar kafin a miƙa kuɗi. Motar Amurka daga 1996 tana da OBD2, tsarin da mashin ɗin ke aiki da shi, ta Turai mai fetur daga 2001, amma wasu da aka ƙera don kasuwar Japan suna da soket ɗin su ƙi amsawa. Masu tasi da suka mayar da mota gas kuma, LTFT ɗinsu zai iya ruɗa su, don ba fetur injin ke sha ba.

Maɓallin gogewa shi ne abin da na fi tsana a jikinsa, don ya yi sauƙin dannawa. Ba wuta kaɗai yake kashewa ba, yana share hoton da kwamfuta ta ɗauka lokacin da matsalar ta faru, gudu nawa, zafi nawa, nauyin inji nawa, yana kuma mayar da duk gwaje-gwajenta sifili. A ɗauki hoton fuskar waya kafin a taɓa shi. Masu sayar da mota sun san wannan maɓallin sarai. Sai dai shi mashin ɗin kan tona su: a shiga shafin gwajin hayaƙi, idan katalis da oksijin sensa da EVAP (mai kama tururin fetur) duk suna nuna ba a kammala ba, kuma kilomitar da aka yi tun gogewa ba ta kai ta zuwa Tafo da dawowa ba, to yanzun nan aka goge. A murɗa makulli ba tare da an tayar ba a tabbatar fitilar tana kamawa tare da sauran, sannan a nemi a fita da motar kan titin Ejisu ko na Offinso, a yi tafiya mai ɗan nisa, a kashe, a sake tayarwa, a duba lambobin da ke jiran tabbaci. Taurari uku da rabi nake ba shi, da ba don batir ba da huɗu ne. Wajen zare shi kuma a ja shi a miƙe, kada a girgiza, bakinsa yana da kauri, yana buɗa haƙoran soket ɗin motar har babban mashin na gareji ya zo ya ƙi kamawa.