Boxer Da Roba-Roba A Lungunan Katsina

Duk wanda ya taɓa kutsawa cunkoson Babbar Kasuwar Katsina da babur ya san cewa a tafiyar hankali ake gane halin mashin. A nan roba-roba, wato ƙaramin babur mai rufin roba, ta fi Boxer sauƙin sarrafawa, domin ba ta da nauyi, injinta yana can ƙasa, tankinta kuma yana ƙarƙashin kujera. Ba ta da kulocin hannu, saboda haka ko amalanke ta tare hanya, mutum ya tsaya cak, ba ta mutuwa, kuma ƙafa tana isa ƙasa nan take.

Bajaj Boxer kuwa tankinsa yana sama, tsakanin gwiwoyi, kuma idan ya cika da mai, nauyin yakan rinjayi mahayi wajen juyawa a ƙuntataccen lungu, sai ya haɗa da iya wasa da kuloci. Amma wannan tankin shi ne abin da gwiwoyi ke kamawa idan tayar gaba ta shiga yashi, ga ƙarfin ƙirar babur ɗin da ke sa ya daure goyo da buhun gero ba tare da yawan rawa ba. Idan zirga-zirgar cikin gari ce, roba-roba nake zaɓa, amma hanyar ƙauyukan Daura ta Boxer ce.