Kunun kabewa mai yaji a wata rumfa kusa da Kasuwar Dole

A Damagaram an fi sanin kabewa cikin miyar taushe, shi ya sa kunun da wata baiwar Allah take damawa da ita a rumfarta ya cancanci a yi maganarsa. Tana dafa kabewar har ta yi laushi, ta tace ta cikin gasarar gero, sannan ta zuba citta da kanumfari da ɗan masoro, wanda zafinsa ba ya bayyana sai kunun ya kai maƙogwaro. Ba ta barin gasarar ta yi tsami, balle a yi zancen maye. A ganina sukarin ya yi yawa, domin kabewa tana da nata zaƙin. Gara a saya da safe, kafin zafin rana ya sauya ɗanɗanonsa.