Na'urar shuka ciyawa ta Yuro 35, bayan wata 5 ina aiki da ita

Teburin da nake gina ɗan garina na kwaikwayo a kai, mai ƙaramin jirgin ƙasa na wasa, yana ɗakin ƙarƙashin ƙasa na gidan da muke haya a Hamburg. Tsawonsa santimita 240, faɗinsa 120. Ma'aunin H0 nake bi, wanda ake rage komai sau 87: tsakanin ƙarafan layin dogo milimita 16.5 ne, babban mutum kuma tsayinsa wajen santimita 2 ne. Garin da nake kwaikwayo irin ƙananan garuruwan dajin Schwarzwald ne, na kan layin da ya tashi daga Offenburg ya bi ta Triberg ya nufi Singen, wanda aka kammala a 1873. Tasha ɗaya ce, da gidaje 9 na kamfanin Faller waɗanda na harhaɗa da hannuna, da gidan gona a kan tudu, sai ramin dutse da jirgi ke shigewa ya ɓullo ta bayan gari.

Shekara 2 ina wannan aiki, kuma duk tsawon lokacin ciyawa ce ta hana ni sakat. Da farko shimfiɗar ciyawa ta takarda na sayo, wadda ake yankawa a manna. A kan fili ba laifi, amma da ta hau gangare sai ta tattare, launinta kuma iri ɗaya ne tun daga wannan ƙarshe har wancan, kamar dardumar falo. Daga baya na koma barbaɗa garin soso mai launi a kan gam. Ya fi takardar, sai dai a kwance yake. Ranar da na kai ɗana Miniatur Wunderland, gidan nunin ƙananan garuruwa da jiragen kwaikwayo da ke unguwar Speicherstadt a nan Hamburg, shi jiragen sama da ke tashi a filin Knuffingen suka ɗauke masa hankali, ni kuwa na durƙusa ina kallon bakin hanya. Ciyawarsu a tsaye take, sili-sili, wata ta fi wata tsawo, wani wurin ta bushe, wani wurin shanu sun tattake. A hanyar komawa gida na ƙudura sai na sayi na'urar da ke yin wannan.

Wadda na saya a intanet ba ta da sunan kowane kamfani a jikinta. Yuro 35 na biya har da kuɗin kawowa. Siffarta kamar babbar tocila ce da aka ɗaura wa kofin roba a baki. Murfin kofin rariya ce ta ƙarfe, kuma guda 2 suka zo a kwalin, mai ƙananan idanu da mai manya. Daga gindinta waya ta fito mai ɗan maƙali a ƙarshe. Batir ɗaya take ci, mai volt 9.

Duk wanda ya taɓa goga biro a gashin kansa a firamare ya ɗauki guntun takarda da shi ya riga ya san sirrin aikinta. Ciyawar ba wani abu ba ce illa siraran zaren roba da aka yayyanka gajeru aka rina. Na'urar tana ɗaga ƙarfin batir zuwa dubban volt, ta ɗora wa zaren caji. Kai kuma ka shafa gam a inda kake son ciyawa, ka kafa ƙusa a cikin ɗanyen gam ɗin, ka maƙala mata wayar. Da ka kifa kofin kana girgizawa, zaren zai sauko a miƙe ya cake a gam da ƙafa ɗaya, ya tsaya. Karon farko da na ga haka a kan guntun kwalin gwaji, sai da na hau sama na kira uwargida ta zo ta gani.

Da zare mai tsawon milimita 2 ba ni da abin cewa sai yabo. A ma'aunin H0 wannan ciyawa ce ta kusan santimita 17, irin ta makiyayar da dabbobi ke ci kullum ko ta bayan gida. Na yi filin gidan gonar gaba ɗaya da shi a yamma guda, kuma kusan kowane sili ya miƙe. Milimita 4 ma ya yi kyau idan na kusanto da kofin, kamar yatsa 2 tsakaninsa da ƙasa. Daga milimita 6 ne ƙarfinta ke fara gazawa. Rabi ya tsaya, rabi ya jingina da ɗan'uwansa. Milimita 12, wanda zai ba ka ciyawar da ta kai mutum ƙugu, ya fi ƙarfinta ƙwarai: zaren yakan dunƙule a cikin kofin kamar audugar katifa, abin da ya samu ya fito kuma ya zube a kwance. Wani dattijo Bajamushe a ƙungiyar masu wannan sha'awa da nake zuwa ya ara mini tasa, Gras-Master ta kamfanin Noch, wadda kuɗinta ya haura Yuro 100. Da ita na yi bakin rafi, dogon zaren kuma ya tsaya cak. A nan na fahimci abin da ƙarin kuɗin yake saya.

Akwai ƙananan abubuwa da suka ɓata mini rai. Wayar gajera ce, don haka kowane taku ɗaya sai na cire ƙusa na sake kafawa, ina barin ramuka a filasta. A sati na 3 maƙalin ya tsinke daga wayar, na sake liƙa shi da dalma. Batir kuma idan ya fara sanyi babu wata fitila da za ta gaya maka, sai dai ka ga ciyawa ta fara kwanciya, ka yi ta zargin gam. Kofin ma ya yi faɗi da yawa. Tsakanin gidaje, inda lungu bai fi faɗin yatsa ba, ba ya shiga, zaren kuma ya bi rufi da tagogi. Na naɗa kwali kamar mazurari na manna a bakinsa, ya taimaka.

Takardar bayanin da ta zo da ita ce ta fi ba ni haushi, domin layi 6 ne kawai kuma ba ta faɗi abubuwan da ya wajaba a faɗa ba. Bayan ka kashe na'urar akwai sauran caji a rariyar. Na kai hannu zan buɗe murfi, ta fizge ni har gwiwar hannu. Ba wuta ce mai kisa ba, amma ba ta da daɗi, kuma da ɗana ne ya taɓa da labarin ya sha bamban. Sai ka taɓa maƙalin a jikin rariyar, ka ji ƙas, sannan ka buɗe. Mai ɗauke da na'urar daidaita bugun zuciya kada ya kusance ta. Sannan kafin ka kunna, ka kwashe kawunan jirage daga kan tebur ka cire filogi, musamman masu ɗan ƙwaƙwalwar lantarki a ciki, domin irin wannan caji yana iya ƙona ta. Dattijon nan ne ya faɗa mini, ba takardar ba.

Abin da ya fi ɗaukar mini lokaci kafin in gane shi ne, na'urar miƙar da zare kawai ta iya. Kyawun wuri daga abin da ke ƙarƙashin ciyawar yake fitowa. Gangaren farko da na yi, a kan farar filasta na shuka, da kore shar guda ɗaya. Ya fito kamar filin ƙwallo, farin kuma yana leƙowa ta tsakanin silin. Na kankare shi duka. A karo na biyu na fara shafa fenti ruwan ƙasa mai duhu, na barbaɗa busasshiyar ƙasa da na tankaɗe da rariyar shayi, na bari ta kwana. Gam ɗin kafinta fari nake amfani da shi, in sirka da ruwa kaɗan, kuma ba na shafe wuri gaba ɗaya: ɗigo-ɗigo nake yi da tsohon buroshi, in bar ƙasa tana bayyana nan da can. Zare kala 3 nake gaurayawa a kofin, kore mai duhu, kore mai haske da ruwan busasshen kara. Idan na milimita 2 ya bushe, sai in ɗiɗɗiga gam a kansa a wasu wurare in ƙara na 4 ko na 6. Abin mamaki, a kan shimfiɗar farko dogon zaren ya fi tsayawa, ko da wannan na'urar mai arha, saboda gajerun suna tallafe shi.

Inda za ka sa dogo da inda za ka sa gajere kuwa, sai ka fita ka duba. Na ɗauki wata Asabar ina bin gefen layin dogo a bayan gari da wayata. Ciyawa tana yin tsawo a gindin shinge da jikin bango, inda injin yanka ba ya kaiwa. Tana ƙonewa kusa da tsakuwar layi. Inda mutane ke yanke hanya zuwa tasha babu ita sam. Da na dawo na ja wannan 'yar siririyar hanya daga bayan gidan burodi zuwa dandamalin tasha, na tsayar da 'yar tsanar mace ɗaya ta kamfanin Preiser riƙe da kwando a tsakiyarta. A duk teburin babu abin da baƙi suka fi nunawa da yatsa kamar wannan hanya. Dogon zare a gindin bango yana da wani amfanin kuma: yana rufe 'yar tazarar da ke tsakanin gidan roba da ƙasa, wadda ke sa gida ya zama kamar ajiye shi aka yi ba gina shi ba.

Zaren yana da tsada idan aka kwatanta da nauyinsa, kuma fiye da rabin abin da ka girgiza ba ya kama gam. Ina ɗaura tsohuwar safa a bakin injin shara mai zuƙa, in bi wurin bayan ya bushe, in juye abin da safar ta tara a kwalba. Wannan gaurayen na kwalba ya fi kowane launi da na saya kama da gaskiya. Ka rufe layin dogo da tef kafin ka fara, musamman wurin canjin layi, in ba haka ba za ka kwana kana tsince zare da hantsaki. Ka kuma cire rigar sanyi ta ulu kafin ka sauka ɗakin.

Ga mai ƙaramin tebur irin nawa, wanda yawancin filinsa makiyaya ce da bayan gidaje, wannan na'ura ta ci kuɗinta. Wanda yake son gonar alkama, fadama ko kangon fili mai doguwar ciyawa, gara ya haƙura ya tara kuɗin babbar, ko ya shiga ƙungiya ya ara. Ni dai zan ci gaba da tawa.

Muna yara, da karan dawa da gwangwanin madara muke ƙera motoci, mu share musu titi a cikin yashi da tafin hannu. Ɗana bai san wannan ba, a nan aka haife shi. Amma jiya da dare ya riƙe mini ƙusa a gangaren bayan tasha, ni ina girgiza kofi. Da muka gama ya kwantar da kumatunsa a gefen tebur, idonsa daidai da ƙasa, ya ce, "Baba, a bar nan wurin ba ciyawa, nan ne karen gidan gona yake kwanciya." Na goge gam ɗin wurin da tsumma tun bai bushe ba.