Stardew Valley ko Animal Crossing: wanne ya fi dacewa da ɗan Zariya?

Duka biyun wasannin bidiyo ne masu kwaikwayon rayuwa: noma, kamun kifi, gyaran gida da hulɗa da maƙwabta. Inda suka rabu shi ne agogo.

A Stardew Valley, wanda Eric Barone ya fitar a 2016, yini guda na cikin wasan kusan minti 14 ne, kowane yanayi kuma kwana 28 ne. Ɗalibin da ke Samaru zai iya shuka, ya yi ban ruwa, ya kwanta kafin malami ya shigo aji. Sai dai a kula: shukar da ke buƙatar kwana 12, in aka sa ta ranar 20, za ta bushe da shigowar sabon yanayi, kuɗin iri ya tafi a banza. Wanda kuma ya kai ƙarfe 2 na dare bai kwanta ba, zai suma, in a wajen gida ne ya farka an zaftare masa kuɗi.

Animal Crossing: New Horizons, na 2020, agogon gaske yake bi. Shagon tsibirin da ake zaune a cikin wasan yana rufewa ƙarfe 10 na dare, don haka mai tashi daga kasuwar Sabon Gari a makare zai tarar da shi a kulle. Daɗinsa natsuwa: bashin gidan da ake ci a wasan babu kuɗin ruwa, babu wa'adi.

Ga mutanenmu, Stardew ya fi. Yana hawa wayar Android, ba ya neman data bayan an sauke shi. Ɗayan kuwa sai an sayi na'urar wasa ta Nintendo Switch, ga tsada, ga neman caji idan an ɗauke wuta.