Kafin ka sayi babur mai silinda biyu, tambayi kirankishaf ɗinsa

Babura biyu za su iya zama da girman inji ɗaya, silinda bibbiyu, amma ɗaya ya kashe maka hannu bayan tafiyar awa guda, ɗayan kuwa ka sauka garau. Sau da yawa bambancin daga kirankishaf yake, wato sandar ƙarfen da fistin ke juyawa idan yana hawa da sauka a cikin silinda. A inji mai bugu huɗu, kowace silinda tana kama wuta sau ɗaya ne a juyi biyu na kirankishaf, wato digiri 720. Yadda aka raba wannan 720 tsakanin silinda biyun shi ke ba babur halinsa, kuma a injin da silindarsa biyu ke jere gefe da gefe, tsari uku aka fi sani: 360, 180 da 270.

A tsarin 360, fistin biyu suna hawa tare, suna sauka tare, wuta na kamawa bi da bi kowane digiri 360. Haka tsofaffin Triumph da BSA da Norton na Ingila suke, haka ma Kawasaki W800. Sautinsa a tsare yake, amma tunda nauyin fistin biyun gefe ɗaya yake tafiya, girgizarsa irin ta ƙaton inji mai silinda ɗaya ce. In tsoho ne wanda ba shi da sandar daidaita girgiza, duba notoci da ƙarfen da ke riƙe salansa, nan ake samun kwancewa da tsagewa. Duba kuma yoyon mai, domin saukar fistin biyu lokaci guda tana matse iskar da ke ƙasan inji.

A tsarin 180, fistin ɗaya na sama ɗaya na ƙasa. Wuta ta biyu tana biyo ta farko bayan digiri 180, sai a yi shiru na 540. Kawasaki Ninja 650, Yamaha R3 da jerin Honda CB500 duk haka suke. Injin yana son gudu sama, sai dai a can saman ne wata siririyar girgiza ke shiga hannu da tafin ƙafa, madubi ya dushe.

Wanda ya cika kasuwa yanzu shi ne 270, mai rabon 270 da 450. Yamaha ta fito da shi a TRX850 a tsakiyar shekarun 1990, yau kuma yana cikin MT-07, Honda Africa Twin, Royal Enfield Interceptor 650 da Triumph Bonneville tun 2016. Hikimarsa ita ce fistin biyun ba sa tsayawa cak lokaci guda. Idan ɗaya ya kai ƙololuwa ya tsaya, ɗayan yana tsakiyar tafiyarsa, don haka juyawar kirankishaf ba ta yawan tangarɗa, siririyar girgizar nan ma ta ragu ƙwarai. Amma dole sai da sandar daidaita girgiza, wani lokaci har biyu, ƙarin nauyi ke nan da ƙarin kayan da za su iya cinyewa. Mai talla zai ce maka dogon shirun 450 yana ba tayar baya damar kama ƙasa. A kan tsakuwa akwai ƙamshin gaskiya, a kan kwalta kuwa ingancin taya ya fi tasiri nesa ba kusa ba. Kuma 270 ba ya nufin ƙarfi ya fi yawa.

Rabon 270 da 450 shi ne na injin Ducati mai siffar V a digiri 90, shi ya sa sautinsu ke kama. Injin Harley-Davidson mai siffar V a digiri 45 yana raba wutarsa 315 da 405.

Mai doguwar tafiya ko hanyar da ba kwalta, 270 ya fi masa. Mai son jan totur har ƙarshe, 180 ba zai ba shi kunya ba. Wajen gwaji, kada ka ɗauki tsallen sautin 180 ko 270 a tsaye a matsayin filogi ya mutu, haka aka ƙera su. Sa giyar ƙarshe, riƙe gudun da ka saba yi na minti goma, ka kalli madubi, sannan ka ji ko yatsunka sun fara mutuwa.